Inda Labarin Gajeren Fim Yake Ɓuya

 

Ƙannena ɗalibai, an shaida mini cewa an kasa ku rukuni-rukuni, kowane rukuni zai fitar da gajeren fim wanda bai wuce minti 10 ba kafin zangon karatu ya ƙare, kuma na matasa ake so ya zama, 'yan shekara 18 zuwa 25, wato ku da tsararrakinku. An ce mini yawancinku ba ku wuce matakin farko ba, kuna ta zama kuna jefa shawarwari a kan abin da za a yi fim ɗin a kai. To, a kan wannan zaman nake so mu tattauna yau. Kyamara da haske da tace hoto suna da malamansu a wannan sashe, sun kuma fi ni saninsu. Ni abin da ya dame ni shi ne yawancin fina-finan ɗalibai da na kalla, tun a zaman farko suka samu raunin da suka tashi da shi, kuma babu gwanin editan da zai iya ɗinke wannan rauni daga baya.

Ga yadda zaman yakan kasance. Mutum bakwai ko takwas sun samu ajin da babu kowa, ko gindin bishiya. Wanda ya fi kowa baki ya ce, "Mu yi a kan shaye-shaye." Wata ta ce auren dole. Wani ya ce satar jarrabawa, wani ya ce zaman kashe wando, wata ta ce yadda TikTok yake ɓata tarbiyya. A rubuta, a ɗaga hannu, shaye-shaye ya yi rinjaye. Cikin minti 20 an gama, kowa ya tashi da murnar an samu abin yi. Sai an zo rubutu sannan a ga hannu babu komai. Daga nan sai a koma a ɗauko labarin da kowa ya haddace: yaron kirki ɗan gidan mutunci ya haɗu da miyagun abokai, suka miƙa masa kwalba, ya fara sata a ɗakin mahaifiyarsa, ya haukace ko aka kama shi, uwa ta yi kuka, wani dattijo ya zo ya yi nasiha, aka rufe da addu'a.

Babu ƙarya a cikin wannan labari. Irinsa ya faru a unguwanninmu, wasu a ɗakin nan ma a gidajensu suka gani. Tun kafin BBC ta fitar da bincikenta a kan kodin a 2018, wanda ya sa gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, mun san ɓarnar da kwalbar nan take yi a Kano da sauran garuruwanmu. Amma saurayin da kuka yi fim ɗin dominsa ya san ƙarshen labarin tun daga fitowar farko. Ya ji shi a gida, ya ji shi a huɗuba, ya ji shi a rediyo. In ya ga sa'anninsa sun ɗauko kyamara suna maimaita masa, a wayarsa yake kallo, da ɗan yatsa ɗaya zai ture ku ya wuce. Shaye-shaye jigo ne, jigo kuwa ba ya jin yunwa, babu mai binsa bashi, ba shi da uwar da yake tsoron ta ji. Abin da kyamara take iya ɗauka mutum ne, a wani wuri, a wani lokaci, yana neman wani abu.

Akwai fim ɗin da nake roƙon kowane rukuni ya nema ya kalla kafin zama na gaba. A 1963 Ousmane Sembène na ƙasar Senegal ya yi Borom Sarret, baƙi da fari, kimanin minti 20, wanda masana suke lissafawa cikin tushen fina-finan da 'yan Afirka suka yi da hannunsu. Sembène marubucin littattafai ne tun asali. Ya koma fim ne da ya lura mutanen da yake rubutu dominsu yawancinsu ba sa iya karanta abin da ya rubuta, sai ya tafi Mosko ya koyo aikin. Mutum ne mai zafin ra'ayi a kan mulkin mallaka da talauci da yadda sababbin manya suka gaji halin Turawa. Da ya ga dama da ya tara 'yan wasa sun yi ta jawabi a kan haka. Sai ya zaɓi ya bi wani mai keken doki a birnin Dakar, daga fitarsa da safe zuwa komawarsa gida. Mutumin ya ɗauki fasinjojin da ba su biya ba. Ya kai mace mai naƙuda asibiti. Ɗan abin da ya samu, wani maroƙi ya wasa kakanninsa, daɗi ya kwashe shi ya miƙa. Ya ɗauki wani uba da gawar jaririnsa zuwa maƙabarta, aka hana shiga saboda takarda ba ta cika ba. Daga ƙarshe wani mai kwat ya lallashe shi ya kai shi Plateau, unguwar manya wadda aka haramta wa keken doki shiga. Ɗan sanda ya tare shi, aka ƙwace keken, mai kwat ya shige mota ya tafi bai biya ba. Ya dawo gida yana jan doki, babu keke, babu ko sisi. Matarsa ta miƙa masa yaro, ta ce masa lallai za su ci abinci a daren nan, ta sa kai ta fita. Inda ta nufa, fim bai faɗa ba.

Ku duba abin da aka gina fim ɗin a kai: yini ɗaya, mutum ɗaya, buƙata ɗaya, kuɗin cefane. Duk abin da Sembène yake so ya faɗa a kan birni mai unguwa biyu, da doka mai kare wasu tana take wasu, da talakan da yabon kakanni yake raba shi da kuɗin abincin iyalinsa, yana cikin wannan yinin. Fitar da matar nan ta yi kuwa, shekara 60 da ɗoriya ke nan masu kallo suna tambayar juna ina ta tafi, me ta je yi. Fim ɗin da ya bar wa mutum irin wannan tambaya a zuciya ya yi masa faɗakarwar da jawabin minti 20 ba zai yi ba.

Akwai fim na biyu da ya fi wannan ƙanƙanta. Abbas Kiarostami na Iran, wanda ya zo ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a 1997, da fim na kimanin minti 10 ya fara a 1970. Yaro ne ya sayo burodi, a hanyar komawa gida kare ya tsare masa lungu yana haushi. Ya tsaya jiran babban da zai bi bayansa. Wani tsoho ya zo, yaro ya bi shi, tsoho ya karkata wata hanya ya bar shi. Daga bisani ya gutsuri burodin ya jefa wa karen. Babu magana ko ɗaya. Duk wanda aka taɓa aika yana ƙarami ya san wannan faɗuwar gaba, shi ya sa ba ya buƙatar a fassara masa.

To, mu dawo kan shaye-shayen da kuka zaɓa. Ban ce ku jefar da shi ba. Ku tsare shi da tambaya har sai mutum ya fito daga cikinsa. Wane ne? Me yake so a yau ɗin nan, ba a rayuwarsa duka ba? Me ya tsare masa hanya? In ya samu, me zai rasa? Ku ɗauka budurwa ce 'yar shekara 19, an sa ta share ɗakin yayanta ranar da za a je tambayar masa aure. Ta ɗaga katifa ta ga kwalabe. Kawunnai suna zaure da goro da alewa, suna jiran mota. Yarinyar da za a je tambaya ƙawarta ce tun Islamiyya, ita ce ma ta haɗa su. Mahaifiyarsu tana da hawan jini. In ta yi magana ta tona asirin yayanta a gaban dangi, wataƙila ta kwantar da uwa. In ta yi shiru ta ci amanar ƙawa. Kafin mota ta iso, minti 10 gare ta, daidai tsawon fim ɗinku. Gida ɗaya kuke buƙata, da 'yan wasa huɗu ko biyar. Ba a nuna kowa yana sha ba, ba a nuna kowa ya haukace ba, amma duk budurwar da take da yaya, da duk saurayin da yake da abin da ya ɓoye a ƙarƙashin katifa, ba za su iya ture wannan fim ba sai sun ga abin da ta yi. Abin da za ta yi ɗin kuma, ku za ku yi ta gardama a kansa a rukuninku, kuma wannan gardamar ita ce aikin da aka tara ku ku yi.

Irin waɗannan labarai sun cika rayuwarku har kun daina ganinsu. Yarinya mai POS ta zo rufe lissafi da magariba ta ga kuɗi ba su cika ba, ta kuma san wanda ya nuna mata alat na bogi, ɗan maƙwabtansu ne. Saurayi mai gyaran waya a Farm Centre, an kawo masa waya an ba shi lambar buɗewa, ya ga abin da bai kamata ya gani ba game da wanda ƙanwarsa za ta aura. Ɗan adaidaita sahu mai digiri yana neman cikon balas, fasinjan da ya tare shi malaminsa ne na jami'a, shi kuma ya ja hula ya rufe fuska. Wasunku yajin aikin ASUU na 2022 ya ritsa da ku ko da yayyenku, wata takwas cur daga Fabrairu zuwa Oktoba. A cikin watannin nan wasu sun koyi ɗinki, wasu an yi musu aure ba su dawo ba, wasu sun kama kasuwa sun ga kuɗi har karatu ya fita daga ransu. Ranar da aka janye yajin aikin, a shagon wani saurayi da ya fara tsayawa da ƙafarsa, mahaifinsa ya aiko a gaya masa ya haɗa kaya: wannan rana kaɗai ta isa fim. Ba na ba ku waɗannan don ku ɗauka. Na tsaye ne daga nesa na hango su. Ku da kuke ciki, naku za su fi nawa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Me ya sa, in haka ne, waɗannan labaran ba sa fitowa a zamanku? A ganina laifin tsarin zaman ne. Wani Ba'amurke mai sana'ar talla, Alex Osborn, shi ya yayata irin wannan zama na taruwa a yi ta jefa dabaru, musamman a littafinsa na 1953. Ƙa'idodinsa masu kyau ne: kada a kushe shawarar kowa yayin da ake tattarawa, a nemi yawa tukuna, a bar ko da wadda ta yi kama da shirme ta fito, kowa ya ɗora a kan ta ɗan'uwansa. Sai dai tun a 1958 masu bincike a Jami'ar Yale suka gwada, suka ga mutanen da suka zauna kowa shi kaɗai, aka haɗa abin da suka rubuta, sun fi waɗanda suka zauna tare yawan dabaru. A 1987 wasu Jamusawa biyu, Diehl da Stroebe, suka bi diddigin dalili, suka gano babbansa shi ne jiran layi. Mutum ɗaya ne yake iya magana a lokaci guda. Kafin a zo kanka ka manta abin da ya zo maka, ko ka raina shi, ko hankalinka ya bi abin da na farko ya faɗa.

A wurinmu abin ya ninka. An tarbiyyantar da mu a kan kada ƙarami ya tari numfashin babba, kada mace ta cika baki a cikin maza, kada a fitar da maganar gida waje. Tarbiyya ce mai kyau a muhallinta, ba na kiran ku ku zubar da ita. Amma ku san abin da take haifarwa a zaman neman labari. Ɗalibar da take zaune a gefe ba ta ce uffan ba, sau da yawa ita ce take riƙe da labarin da ya fi na kowa, domin ita ta ga abin da ya faru a ɗakin yayarta bayan an watse daga biki. Ba za ta faɗe shi a gaban maza shida ba, kada a ce labarin gidansu ne. Shi ma namijin da ya kwana biyu bai ci abinci sosai ba, yana sa guga a riga don kada a gane, ba zai ɗaga hannu ya ce a yi fim a kan haka ba. Shaye-shaye da auren dole suna saurin fitowa ne saboda faɗarsu ba ta tona asirin kowa.

Maganin wannan takarda ce da biro. Ku fara zaman da shiru. Kowa ya ɗauki takarda iri ɗaya, kada ya sa suna. Shugaban rukuni ya yi tambaya guda, kada kuma ta zama "a kan me za mu yi fim?" Ya ce: rubuta abu ɗaya da ka gani da idonka a watannin nan wanda har yanzu yake dawo maka. Ko ya ce: rubuta lokacin da wani sa'anka ya yi ƙarya don gudun jin kunya. Ko: wace magana ce matashi yake so ya gaya wa mahaifinsa ya kasa? A ba da minti 10, a naɗe takardu, a cakuɗa, mutum ɗaya ya karanta duka da murya ɗaya, ba dariya, ba tambayar wa ya rubuta. Akwai wani tsari da Bajamushe Bernd Rohrbach ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1960: mutum 6, kowa ya rubuta dabara 3 cikin minti 5, ya miƙa wa na kusa da shi ya ɗora a kai, har takarda ta zagayo. Cikin rabin awa an tara 108. Yawancinsu ba za su yi amfani ba, ba komai. Uku kuke nema a ciki. Kada kuma ku yanke hukunci a ranar. Ku tashi, ku kwana biyu, ku dawo. Wadda kowa ya dawo yana tunawa ba tare da an duba takarda ba, ku riƙe ta da kyau.

Tsakanin zaman farko da na biyu, ku fita. Ku zauna a teburin mai shayi, a shagon caji, a wurin kitso da lalle, a layin banki, a bakin ɗakin kallon ƙwallo. Ba ku je yi wa kowa tambaya ba, saurare ya kai ku. Yawancin rubutun ɗalibai, da ka ji maganar 'yan wasa ka san a takarda aka haife ta. Saurayi ya tsaya gaban abokinsa ya ce, "Haƙiƙa abokina, wannan ɗabi'a da ka ɗauka ba za ta haifar maka da ɗa mai ido ba." Wa yake magana haka a majalisa? Abokin gaskiya cewa zai yi, "Kai, wai me ke damunka ne kwanan nan?" Shi kuma ya ce, "Ba komai." A wannan "ba komai" ɗin fim yake. Mu mutane ne da ba mu cika faɗin abin da ke ranmu kai tsaye ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ce masa tana sonsa, sai dai ta ƙara masa nama a kwano ta kau da kai. Wannan kunya tamu, da wasu suke ɗauka cikas ce ga fim, ni a wurina dukiya ce, domin tana tilasta wa darakta ya nuna abin da baki ya ƙi faɗa. Gani ya kori ji.

Akwai wani abu da muka gada wanda ya kamata ku sani don kada ya ja ku ba ku ankara ba. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, masana'antarmu a kan dogon labari ta ginu: kashi na ɗaya, na biyu, na uku. Yanzu kuma zamanin masu dogon zango ne, irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina da Izzar So. Sun yi aikinsu, sun riƙe masu kallo shekara da shekaru, ba abin rainawa ba ne. Amma da su kuka tashi, saboda haka da kun zauna ƙirƙira sai labari ya zo muku da gidaje uku, da gado, da kishiya, da "bayan shekara biyar". Tuwon gidan biki ba ya shiga kwanon mutum ɗaya. A ƙa'idar da masu rubutun fim suke bi, shafi ɗaya kimanin minti ɗaya ne, wato shafi 10 ne duk abin da kuke da shi. Masu kyautar Oscar suna kiran fim gajere in bai wuce minti 40 ba, gasar gajerun fina-finai ta Cannes kuwa minti 15 ne iyakarta. Duk labarin da sai an rubuta "bayan wata shida" a fuskar allo kafin a gane shi, ku ajiye shi zuwa ranar da za ku yi dogo. Ku kuma leƙa maƙwabta. A Nijar, Oumarou Ganda ya yi Cabascabo a kan sojan da ya dawo daga yaƙin Indochina ya ga abokai sun cinye abin da ya tara sun watse, kuma shi kansa ya je wannan yaƙin. Shi ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972 da wani fim ɗin nasa. Abin da ya sani ya fara ɗauka.

Sai maganar abin hannu, wadda nake so ta shigo tun a zaman neman labari, kada a bari sai an gama rubutu. Kafin ku zaɓa, ku lissafa abin da rukuninku ya mallaka. Wa yake da gidan da za a bari a yi ɗauka a ciki? Baban wa yake da shago? Wa yake da adaidaita ko babur a gidansu? Wace ce kakarta za ta yarda ta fito? Ku gina labari a kan waɗannan. Na gwammace in ga labarin da babu dattijo a ciki da in ga an shafa wa ɗan shekara 20 hoda a gemu an ce shi ne Alhaji. Matasan nan na Kaduna da ake kira The Critics, waɗanda duniya ta san su a 2019, da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle suka yi fina-finan ƙirƙirar kimiyya, a YouTube suka koyi haɗa hoto, har manyan masu shirya fim na Amurka suka aiko musu da kayan aiki. Rashin kyamara mai tsada ba uzuri ba ne yanzu. Abin da zai kashe ku sauti ne. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai ɗan duhu, ba ya haƙuri da maganar da ba ya ji. In labarinku a bakin titi yake, ko kusa da janareta, ko a tsakiyar Kantin Kwari da rana tsaka, ku tambayi kanku tun yanzu yadda za ku ɗauki murya. Wani lokaci wannan tambayar kaɗai za ta sa ku mayar da fitowar cikin soro, kuma ku ga ta fi kyau a can.

Na san akwai mai cewa a ransa: to Malam, ina faɗakarwa? Tambaya ce mai nauyi, ba na wasa da ita. Mu a nan ba mu ɗauki fim abin nishaɗi kawai ba, kuma duk wanda ya ɗauki kyamara zai amsa tambaya a kan abin da ya nuna, a nan da kuma gobe. Abin da nake cewa shi ne faɗakarwar ta zauna a cikin zaɓin da jarumi ya yi da abin da zaɓin ya jawo masa. In kun ga sai an kawo wani a minti na ƙarshe ya bayyana darasi, alama ce minti tara na baya ba su yi aikinsu ba. Kuma ku ji tausayin wanda ya yi kuskure a labarinku. Yaron da yake shan kwalba yana da ranar da ya fara, yana da dalili, yana da abin da yake tsoro. In kun mai da shi dodo, mai irin halinsa da yake kallo zai ce ba da shi ake ba. In ya ga kun fahimce shi, zai tsaya ya ji sauran.

Wannan ya kawo ni kan amana. Takardun nan da za ku rubuta babu suna, wasu sirrin gida ne, wasu sirrin aboki. In labari ya fito daga rayuwar wani, ku sauya shi har mai shi kansa ba zai ji an nuna shi da yatsa ba: a canja unguwa, a canja sana'a, a mai da yaya ƙane. Abin da aka karanta a rukuni ya tsaya a rukuni. Kada ku ɗauki fuskar kowa a kasuwa ko a lungu ba da izininsa ba, kada ku shiga unguwa da kyamara ba ku gaida mai unguwa ba. 'Yan'uwanku mata da za su fito, a tabbata gidajensu sun sani sun kuma yarda, domin abin da ya hau intanet ba ya saukowa, ita kuma za ta rayu da shi bayan an ba ku maki an manta. In kuna da niyyar sakin fim ɗin a wajen makaranta, Jihar Kano tana da Hukumar Tace Fina-finai tun 2001, akwai kuma ta tarayya. Ku nemi malamanku su nuna muku ƙa'idojinsu tun labari yana takarda.

In kun tace kun rage uku, ga yadda za ku fitar da ɗaya. Kada ku ɗaga hannu, domin ƙuri'a takan ba da labarin da bai ɓata wa kowa rai ba, wanda kuma bai motsa kowa ba. Kowane labari a taƙaita shi a jimla biyu, har zuwa inda jarumi ya shiga tsaka mai wuya, a tsaya nan. Kowannenku ya je ya faɗa wa mutum biyu da ba 'yan sashen nan ba, masu shekarun da aka ce: ƙanwarka, abokin ɗakinki na wani sashe, yaron shagon da kake sayen kati. Kada ku tambaye su ko ya yi kyau, za su ce ya yi don kara. Ku yi shiru ku jira. Labarin da aka fi ce muku "To sai me ya faru?" shi za ku rubuta. Wanda ya kawo shi kuma ba lallai shi ne zai ba da umarni ba, wannan wata magana ce da za ku sasanta a tsakaninku tun da wuri, a rubuce, kafin a fara ɗauka.

Shugaban taro, a nan zan dakata domin a samu lokacin tambayoyi. Ina so in fara jin ta bakin waɗanda suke zaune a baya, musamman ƙannena mata.